Yadda za ka rage haɗarin kansa da abin da ke rumbu da tukunya, kafin ka kai ga kwalbar kapsol

Jama'a kwanan nan duk inda ka leƙa a WhatsApp ko TikTok sai kaga wani da kwalba a hannu, wannan garin zogale ne a kapsol, wancan kurkum ne daga Indiya, wani kuma shayin ganyen korosol, wata bishiya mai koren 'ya'ya masu ƙaya-ƙaya, wai yana kashe cutar kansa tun daga saiwa, kuma kuɗin ba wasa ba, kwalba ɗaya sai ta cinye cefanen sati. Ni ban ce tsirrai basu da amfani ba, suna da shi sosai ma, magungunan kansa na asibiti irinsu binkiristin da binbilastin daga wata 'yar fure ta Madagaska aka samo su. Amma tsakanin ganyen da ke tukunya da hodar da ke kwalba akwai tafiya mai nisa, kuma masu tallan nan basa faɗa maka hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tace kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na kansa ana iya kauce masa, kuma yawancin abin da ake buƙata a nan Garwa, Marwa, Ngaundere ko Kuseri yana kasuwar unguwarku. Sai dai akwai abin da ya kamata a fara da shi, kuma ba ƙarin wani abu bane a abinci, cirewa ne.

Fara da gyaɗa da masara

Kansar da tafi addabar mazajen yankinmu akwai ta hanta, kuma abu biyu ne ke haɗuwa su kawo ta, ciwon hanta nau'in B da wata guba da ake kira aflatoksin. Gubar nan funfuna ce ke haifar da ita idan gyaɗa ko masara suka sha danshi da zafi, ko a gona ko a shanya ko a buhu. Tun 1960 aka gano ta lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, a 2004 kuma a Kenya mutum 125 suka rasu sanadin masara mai funfuna. Wannan na farat ɗaya kenan, wanda yafi damunmu shine na kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ba ciwon ciki ba amai, hanta ce kawai ke ɗauka. Mai ɗauke da ciwon hanta B idan yana cin gubar nan haɗarinsa yana iya ninkuwa har sau 30 akan wanda ke cin gubar amma bashi da ciwon. To ka duba mu, a Kamaru kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ciwon hanta B, a arewa ma abin yafi haka, sannan gyaɗa kullum tana cikinmu, miyar gyaɗa, kunun gyaɗa da azumi, ƙuli-ƙuli a kwaɗo, yajin soya, kilishi.

Abu mafi muhimmanci da uwargida zata riƙe, wuta bata kashe aflatoksin. Ki soya ki tafasa ki gasa, mafi yawanta tana nan. Dan haka maganar "ai zan dafa" bata taso ba, tsincewa ce kawai. Ki zube gyaɗar a faifai ko tire inda haske yake, duk wadda ta yanƙwane, ta fashe, ta canza launi zuwa baƙi ko kore-kore, ko ƙwaro ya huda ta, ki fitar. Yawanci gubar a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, shi yasa tsincewa ke aiki sosai. Wadda kika tsince kuma dan Allah kar a ba yara, kar a zuba wa saniya ko akuyar da ake tatsa dan tana fitowa a nono, kuma kar a sayar wa masu ƙuli da araha, wannan shine babban abin da ke faruwa, gyaɗa mai kyau ta tafi kasuwa a buhu, ragowar ta koma markaɗe inda ido baya gani. Shi yasa ni nafi son a sayi gyaɗa ƙwaya a tsince a kai inji da kai, maimakon markaɗaɗɗiya ta leda da baka san me aka zuba ba. Idan ka tauna gyaɗa kaji ɗaci tofar kawai, kar ka haɗiye dan kunya.

Manomi kuma nasa aikin a shanya ne da ajiya. A tone gyaɗa akan lokaci kar a barta cikin ƙasa har ruwan ƙarshe ya sake jiƙa ta, a shanya a tabarma ko tamfol ba a ƙasa zalla ba, da yamma a kwashe saboda raɓa, a tabbata ta bushe ƙayau har in ka girgiza kwanson kaji ƙara. Buhun algarara yafi na roba dan yana shan iska, a ɗora buhunan akan katako kar su taɓa ƙasa ko jikin bango. Wannan ba surutu bane, an gwada shi a ƙauyukan Gini aka buga sakamakon a 2005, tsincewa da hannu da shanya a tabarma da buhun algarara da katako da maganin ƙwari suka rage gubar a jinin mutane da fiye da rabi. Wace kwalba ce ta taɓa yin haka? Masara ma haka, a jiƙa a wanke, wadda ta taso saman ruwa a zubar. Gero da dawa suma suna funfuna amma basu kai masara da gyaɗa ɗaukar gubar ba, wannan ma dalili ne da zai sa kar mu bar masakwa da jar dawa saboda masara da shinkafar kanti.

Tuwo, kar a surfe shi har ya zama fari tas

Wani likita ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt da ya daɗe yana aiki a Yuganda ya lura kansar babban hanji tayi ƙaranci a ƙauyukan Afirka alhali ta cika Turai, a farkon shekarun 1970 yace dusa ce sirrin, wato ɓangaren hatsi da ganye da hanji baya narkarwa. Bincike daga baya ya mara masa baya, duk giram 10 na dusar nan da mutum ya ƙara a rana haɗarin kansar babban hanji na sauka da kusan kashi 10 cikin 100. Cikin duk abin da ake faɗa akan tsirrai da kansa wannan na cikin masu hujja mafi ƙarfi, amma da yake ba'a sayar da shi a kwalba babu mai talla.

Yadda za'a yi, gero da dawa a rage surfe, ko a wanke sosai a shanya a kai niƙa da dusarsa, in mutanen gida sun ƙi tuwo mai duhu a haɗa rabi da rabi har baki ya saba. Masara ce kaɗai zan ce a surfe, saboda gubar da muka yi magana tafi zama a bayanta. Wake ya shiga abinci sau da yawa a sati, da gurjiya, da ridi, da aya. Burodi da taliya da farar shinkafa safe rana dare kuwa, to a rage, ba haramun bane amma babu komai a ciki sai cika ciki.

Ganye da 'ya'yan itace

OMS tace aƙalla giram 400 a rana, banda rogo da dankali da doya. Ba kowa ke da sikeli ba, ka ɗauka cikin tafin hannunka ɗaya giram 80 ne, sau biyar kenan a yini. Mangwaro ɗaya, gwaiba biyu, yankan gwanda ko kankana, kwanon kwaɗon zogale, miyar da ganye ya cika ta da gaske, ka gama. Matsalarmu ba rashin ganye bane, muna da zogale, yakuwa, rama, lalo, tafasa, gasaya, alayyafo, kuka, kuɓewa, karkashi, kabewa, matsalar itace miyar ɗan cokali ce a gefen malmala uku na tuwo, kuma an dafe ta har ta mutu.

Gyaran kaɗan ne. Ganye ya shiga tukunya a ƙarshe, minti kaɗan a sauke yana kore. Kanwa a rage, nasan tana sa yauƙi tana sa wake ya nuna da wuri amma tana lalata bitamin C da wasu bitamin B, jiƙa wake tun dare yafi. Ruwan da aka dafa zogale a ciki kar a zubar duka, a juye a miya. Mai kaɗan ko gyaɗa a cikin ganye yana da amfani dan sinadaran da ke karas da kabewa da zogale sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsu, kaga kwaɗon zogale da ƙuli na kakanninmu daidai yake, indai ƙulin na gyaɗa mai kyau ne. In za'a busar da ganye dan rani a shanya a inuwa inda iska ke bi, wanda aka baza a rana a bakin titi ya koma ruwan ƙasa ya riga ya zubar da abu da yawa, ga ƙura ga hayaƙin mota. Garin kuka mai kyau kore ne. Ƙwamen kuka kuma, farin garin cikin 'ya'yan, bitamin C ɗinsa ya ninka na lemo, tun 2008 Turai ta amince a riƙa shigo da shi kuma suna saye da tsada, mu kuma yara ne ke tsotsa a hanya. A jiƙa shi da ruwan sanyi ko ɗumi, kar a tafasa. Goruba, magarya, aduwa, ɗinya, kanya, tsamiya, kowanne a lokacinsa, duk suna shiga lissafi.

Kabeji da danginsa suna da wani sinadari da ake ta bincike akai, yafi fitowa in an yanka an bari ya ɗan huta kafin a dafa sama-sama. In ɗanye za'a ci a wanke da kyau, musamman na lambun bakin rafi.

Tafarnuwa, albasa, tumatir, kurkum

Tafarnuwa sai an daka ko an yanka sinadarinta mai suna alisin ke samuwa, dan haka ki daka ki ajiye kamar minti 10 kafin ki jefa a wuta, in kika jefa ta dunƙule cikin mai mai zafi kin samu ƙamshi kawai. Ita tana da ɗan abin nunawa, a wani yanki na Shandong a Sin an bi mutane sama da 3,000 fiye da shekara 22, waɗanda aka ba tafarnuwa tsawon shekara bakwai mutuwa daga kansar tumbi ta ragu a cikinsu, amma a binciken nan dai maganin kashe ƙwayar cutar olsa na sati biyu shima ya rage sosai, wato mai olsar da taƙi ci taƙi cinyewa yaje a gwada shi, kar ya tsaya ga tafarnuwa. Albasa kuwa Allah ya hore mana, ta Marwa har kudu ake lodinta, a ci ɗanya a ci dafaffe. Tumatir akasin ganye ne, jan sinadarinsa likofen yafi shiga jiki in an dafa da ɗan mai.

Kurkum shine sarkin talla yanzu. Gaskiya a ɗakin gwaji sinadarinsa kurkumin yana kashe ƙwayoyin kansa a cikin faranti, amma cikin ɗan Adam ba faranti bane, kaɗan ne ƙwarai ke ratsa hanji ya kai jini, kuma har yau ba'a nuna yana hana kansa ko warkar da ita a jikin mutum ba. A zuba rabin ƙaramin cokali a miya ko shinkafa da ɗan masoro da mai, wannan lafiya lau. Kapsol mai ƙarfi kuwa an samu mutanen da ya taɓa musu hanta, a Italiya a 2019 sai da hukuma ta ja kunne, kuma mu da ciwon hanta B ya yi mana yawa bamu ne zamu yi wasa da wannan ba. Sayen saiwar ka daka da kanka yafi, dan a Bangaladash an kama ana zuba wa garin wani fenti mai gubar dalma dan yayi rawaya sosai.

Shayi da zoɓo

Koren shayi ba laifi, zoɓo ma, ko folere ko karkanji duk sunan da kuke kira, yana ɗan sauke hawan jini. Abu biyu ke ɓata su. Na farko suga, kofin shayi ɗan mitsitsi cokali uku, zoɓon leda kuma kusan ruwan alewa, a yini sau nawa? Suga da kansa ba shine kansa ba amma ƙiba da yake kawowa tana da alaƙa da kansa iri 13. Na biyu zafi, cibiyar binciken kansa ta OMS da ke Liyon a Faransa a 2016 ta saka abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo kansar maƙogwaro. Mu kuma daga buta sai baki, har da zuƙa da ƙara. A bari ya huce 'yan mintoci, kunu da koko ma haka. Mace mai ƙarancin jini kuma ta raba shayi da lokacin cin abinci dan yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Nama a taƙaice, cibiyar nan ta Liyon a 2015 tace naman da aka sarrafa irin sosis da na gwangwani yana kawo kansar babban hanji, jan nama kuma ana kyautata zato. Ba'a ce a daina soya da kilishi ba, amma ba kowane dare ba, inda ya ƙone yayi baƙi a yanke, a ci da albasa da tumatir da kabeji da yawa. Kifin Lagdo da Maga ɗanye yafi bandar da hayaƙi ya mayar baƙa. Gishiri kar ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya kenan har da wanda ke cikin dunƙulen miya, daddawa zata iya rage maka dunƙule biyu.

To kapsol fa?

Nan ne mutane basa son ji. Da likitoci suka ga masu cin karas da ganye basu cika kamuwa da kansar huhu ba sai suka ce bari a ciro sinadarin beta-karotin a bayar a ƙwaya. A Finlan aka ba maza masu shan taba, su sama da 29,000 ne a binciken, sakamakon da ya fito a 1994 kansar huhu ƙaruwa tayi da kashi 18 cikin 100 ga masu shan ƙwayar. A Amurka aka sake, a 1996 dole aka tsayar da binciken dan ta ƙaru da kashi 28. Bitamin E ma haka, maza 35,000, a 2011 aka ga kansar furostat, ƙullun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta ƙaru da kashi 17. Tun daga nan shawarar manyan cibiyoyin kansa ɗaya ce, kar a sha kapsol dan rigakafin kansa, a ci abinci. Hodar koren shayi ma hukumar abinci ta Turai a 2018 tace daga miligiram 800 na sinadarinsa a rana ana fara ganin alamar wahala a hanta, alhali shayin da ake dafawa bashi da wannan matsalar.

Korosol ka sha 'ya'yansa jefi-jefi, amma shayin ganyensa kullum a'a, a tsibirin Gwadalup an danganta yawan shansa da wata cutar jijiya mai kama da ciwon karkarwa, kuma babu wani gwaji a jikin mutane da ya nuna yana warkar da kansa. Ɓawon bishiyar fijiyom da ake sassaƙa a Dutsen Kamaru da Oku da Cabbal Mbabo ana kaiwa Turai, na kumburin furostat ne mai hana dattawa fitsari, ba na kansa ba, kar a haɗa maka su. Dihe da matan Kanembu ke tattarawa a tafkunan Kanem a Cadi, wanda Turawa ke sayarwa da sunan sipirulina, abinci ne mai gina jiki fiye da rabinsa furotin, a sa a miya, amma shima ba maganin kansa bane. In likita ya auna ka yace jininka yayi ƙasa ko mai ciki aka rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, wannan daban, a sha. Wanda kuma ya dage sai ya sayi kwalba, to ya duba ko an rubuta abin da ke ciki da yawansa da ranar lalacewa da adireshin kamfani, duk wadda aka rubuta tana maganin kansa da suga da basir da rashin haihuwa gaba ɗaya a ajiye musu kayansu.

Abin da ganye bazai maka ba

Zogale duk yawansa bazai cire ciwon hanta B ba. Maigida da uwargida kuje lopital ko wani dakin gwaji ku ce a muku gwajin AgHBs, ɗigon jini ne kawai. In babu ayi allurar rigakafi guda uku, in akwai a riƙa bibiya, akwai ƙwayoyin da ke danne cutar su kare hanta, sannan giya ko bilbil ko arge a yi sallama dasu. Kamaru ta saka rigakafin nan cikin alluran jarirai tun 2005, wato mu da muka girme haka yawancinmu bamu samu ba. Mai ciki da ke ɗauke da cutar ta faɗa wa ungozoma tun a awo dan a yi wa jariri allura cikin awa 24 na farko. Kansar bakin mahaifa kuma ƙwayar HPV ce ke kawo ta, rigakafinta ya shigo Kamaru a 2020 ana yi wa yara daga shekara 9, nasan surutun da akayi akai amma ƙasashen da suka daɗe suna yi sun ga cutar ta ragu ƙwarai. Mace daga shekara 30 taje a duba bakin mahaifa ko bata jin komai, mai ɗauke da sida daga 25. Taba kuwa, ta hayaƙi da ta leɓe da shisha, babu kwaɗon da ke wanke ta.

Ƙullutu a nono ko baya ciwo, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, jini a bayan gida da ake ta cewa basir ne, rama ba dalili, ciki na kumbura ido yayi rawaya, abinci na tsayawa a maƙogwaro, gyambon da yaƙi warkewa, waɗannan ba na jiƙo bane, kar a ce bari a gwada sassaƙe wata uku tukun. Wani bincike a jami'ar Yel ta Amurka da aka buga a 2018 ya nuna waɗanda suka bar maganin asibiti suka koma na gargajiya zalla haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Nasan hanyar Yawunde ko Duwala da nisa ga kuɗi, amma ƙaramin ƙullutu aikinsa yafi sauƙi yafi araha.

Wanda kuma an riga an fara masa magani, duk abin da 'yan uwa suka kawo na taimako, jiƙo ne gari ne kwalba ce, a zuba a leda a kai wa likita ya gani kafin a sha. Tafarnuwa da citta da kurkum da yawa suna tsinka jini, kafin tiyata dole a faɗa, lemon famfulemus kuma yana canza ƙarfin wasu magunguna a jiki. In baki ya fashe ko abinci baya shiga, kunun gero mai ɗan ruwa da madara, faten wake mai laushi, gwanda, ayaba, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ɗanyen ganye kuma a dakata dashi sai likita yace ƙwayoyin jinin da maganin ya rage sun dawo.